Kanta, bene ko ragar rataye: wanne ya dace da saman ƙaramin gareji?

Garejin da ake fitarwa a gidan fuloti guda yawanci faɗinsa mita 3 ne, tsawonsa mita 6. Mota ɗaya yake ci, ita ma sai direba ya matse ciki kafin ya fito. Kuma ba a bar mata wurin ita kaɗai ba: ga kulolin biki, ga kujerun roba a ɗore, ga tabarmin da ba a shimfiɗa su sai ranar suna, ga tsohuwar katifa, ga akwatunan da uwargida ta ce ko da wasa kada a taɓa. Ƙasa ta cika maƙil, alhali sama fanko ce. Corolla tsayinta bai kai mita 1.5 ba, silin kuwa yakan kai mita 2.7 zuwa 3. Ka ga ke nan akwai fili fiye da mita guda da gizo-gizo kaɗai ke morarsa.

Hanyoyin cin moriyar wannan fili da kuɗi kaɗan ba su wuce huɗu ba. Ko a jera kanta a bango a kan baraket, wato ƙarfen tallafi da ake kafawa a bango, ko a yi ɗan bene daga bango zuwa bango, ko a rataya raga daga rufi, ko a sayo irin ragar da ake haɗowa a kwali daga waje. Yawancin mutane da tambayar farashi suke farawa. A ganina akwai tambayar da ta riga ta: me ke saman kanka, kuma da wane bulo aka yi bangon? Amsar nan kaɗai takan soke biyu daga cikin huɗun tun ba a je kasuwa ba.

Idan rufin kwano ne da silin a ƙarƙashinsa, ka cire batun rataya kaya masu nauyi daga ranka. Katakon da ke riƙe silin 2x2 ne, wato inci 2 da inci 2, an buga shi don ya ɗauki fallen silin kawai. Wanda ke sama da shi kuma an yi lissafinsa ne don kwano da iskar damina, ba don buhu da akwati ba. Ƙusar da aka buga daga ƙasa zuwa sama, hanyar da ta shiga ita nauyi zai bi ya zaro ta. Ga kuma gara, wadda take cinye katako ta ciki ta bar maka fatarsa lafiya lau. Idan kuwa dekin ne, wato kankare mai kaurin kusan santimita 15 da rodi a ciki, to duk hanyoyin huɗu a buɗe suke.

Bango ma yana da tasa. Bulonmu, ko inci 9 ne ko inci 6, mai rami ne, naman gefensa bai wuce inci 2 ba. In aka yi rashin sa'a irin bulon da aka yi wa rowar siminti ne, kana huda shi za ka ga yashi na zubowa, fisha, wato robar da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, ta shiga tana juyi ba ta kama komai ba. Maganin wannan uku ne. Ko a nemi layin linta, inda kankare yake, a ɗaura a can. Ko a huda bangon gaba ɗaya a zura dogon noti, a sa faranti na ƙarfe a bayansa a ɗaure, in bayan bangon naka ne ba na maƙwabci ba. Ko birkila ya fasa ramin bulon ya cika shi da kankare, a bar shi ya bushe sosai kafin a ɗora masa komai.

Kanta a kan baraket

Wannan ita ce mafi araha, kafinta zai gama ta kafin azahar. Fallen filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8. In aka tsaga shi biyu a tsaye, an samu kanta biyu kowacce faɗin ƙafa 2, jimillar tsawonsu kusan mita 5. Wanda bai son filawud sai ya jera falanki 1x12 guda biyu, faɗin ya zo kusan ɗaya. A sa baraket duk bayan santimita 60, a ɗaga kantar ta kai mita 2 daga ƙasa don kada ta gwabje kan mai wucewa.

Inda take da rauni shi ne yadda nauyi ke aiki a kanta. Duk wanda ya taɓa riƙe bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu ya san bambancinsa da wanda aka riƙe a jikin ƙafa. Haka baraket yake. A ce faɗin kantar santimita 60 ne, tsakanin notin sama da na ƙasa kuma santimita 30. Ka ɗora kilo 50 a tsakiya, notin sama zai ji ana fizgarsa daga bango da ƙarfin kilo 50. Ka turo kayan nan bakin kanta, fizgar ta koma kilo 100. A bulo mai rami wannan ita ce hanyar da noti ya fi saurin fita. Shi ya sa fararen baraket ɗin nan sirara da ake sayarwa a shagunan kayan gini ba na gareji ba ne, na gwangwanin madara ne a kicin. Gara mai walda ya yi maka na ƙarfen angul, wato ƙarfe mai siffar L, mai santimita 4, ya sa masa tokari a karkace ya zama kusurwa uku, kuma ƙafar da ke jikin bango ta yi tsawo ko da ta kai faɗin kantar.

Kanta ta fi dacewa da tarkace ƙanana masu yawa: kuloli, kwalayen takardu, kayan gyaran mota, takalman da yara suka girme. Kana ganin komai a jere, da ɗan gajeren tsani za ka ɗauko abin da kake so ba sai ka fitar da mota ba. Amma katifa, kujerun roba da manyan tukwane ba za su zauna a faɗin ƙafa 2 ba, kuma su ne ainihin masu cinye ƙasan gareji.

Wuri guda da ake yawan mantawa shi ne saman ƙofa. In ƙofar garejin ta ƙarfe ce mai ɓangare biyu da ke buɗewa waje, babu abin da ke amfani da filin da ke samanta, ga linta nan kankare zalla, wato wurin da noti ya fi kamawa a duk ɗakin. Mai ƙofar naɗi kuwa ya bar wurin, don nan take naɗewa, kuma wata rana mai gyara zai nemi hanyar kai hannu.

Bene daga bango zuwa bango

Nan zan fi daɗewa, don shi nake ba yawancin mutane shawara. Ana yinsa a ƙarshen gareji, saman hancin mota, faɗinsa faɗin ɗakin, zurfinsa ƙafa 4. A gareji mai mita 3 wannan ya ba ka fili murabba'in mita 3.6, wanda zai ci katifa a kwance, kujeru da akwatuna har da saura. Fifikonsa a kan kanta shi ne bango uku ne ke ɗauke da shi, kuma nauyin danna bangon yake yi ƙasa, ba fizgarsa waje ba. Bulo ko mai rauni ne ya fi jure danni a kan fizga nesa ba kusa ba. Ba ruwansa da rufin, ko kwano ne ko dekin.

Sai zaɓi na gaba: katako ko ƙarfe?

In katako ne, guda uku na 2x6 ake bukata a gitta, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa santimita 60. Tsawon katakon kasuwa ƙafa 12 ne, kusan mita 3.6, don haka akwai rarar da birkila zai zura cikin bango ta kowane gefe, bayan ya cika ramin bulon da ke ƙarƙashi da kankare. Wannan ba sabon abu ba ne, haka maginan soro ke ɗora azara a kan bango, kuma su ma ba sa barinta ta yi doguwar tazara babu tallafi. Abu biyu ka tsaya a kansu da kafinta. Na farko, a tsaye za a ɗora katakon, ba a kwance ba. Katako 2x4 a tsaye ya ninka na kwance sau huɗu wajen ƙin lotsawa, 2x6 a tsaye kuma ya ninka 2x4 fiye da sau uku. Na biyu, kada ya ce maka 2x4 ya isa don a gidan wane ya yi da shi. Wataƙila a can tazarar mita 1.5 ce. In tazara ta ninka biyu, kaya iri ɗaya, lotsawar sau takwas take ninkawa.

Matsalar katako biyu ce, ɗanye da gara. Wanda aka yanko bai bushe ba, hunturu guda zai murɗa shi ya tsage shi. In ka je 'yan katako, ɗaga guda biyu masu girma ɗaya, iri ɗaya, ka ji: wanda ya fi nauyi da sanyi a hannu ruwa ne a cikinsa. Ka sa ido a kansa daga ƙarshe ka ga ko a miƙe yake, ka guji mai babban ƙulli a tsakiya. Farin katako mara nauyi irin obeche na silin da ƙofofin ciki ne, ba na ɗaukar kaya ba. Game da gara kuwa, a shafe shi da Solignum, maganin garar da ake shafa wa katako, kafin a ɗora, musamman kawunan da za su shiga bango, don ta nan take hawowa. Wasu baƙin mai suke shafawa don araha. Yana taimakawa, amma in zafi ya yi zai yi ta wari yana naso, kuma katifa ko atamfar da ta taɓa shi ta tashi daga aiki.

Ƙarfe ya fi tsada a ranar saye, amma babu ruwansa da gara, kuma a busasshiyar ƙasa irin Kano, Katsina ko Maraɗi tsatsa ba ta cika damunsa ba in an shafa masa jan fentin nan na kariya. A Abuja, Jos da kudancin Kaduna a ƙara masa shafi na biyu. Kuskuren da masu walda da yawa ke yi shi ne su gitta angul a tazarar mita 3. Angul mai santimita 5 a wannan tsawo, ka ɗora masa kilo 100, zai lotsa fiye da santimita guda ya kuma murɗe gefe. Angul na jikin bango ne, inda za a ɗaure shi da noti duk bayan rabin mita. Na gittawa fayif ne, wato bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 2 da inci 4, kaurin milimita 2, shi ma a tsaye. Ƙarfinsa ya yi kusa da na katako 2x6, ga shi ya rage maka inci 2 na tsayi. Ka faɗi kaurin da bakinka ka kuma gani da idonka, domin akwai fayif mai girma ɗaya da bai fi gwangwani kauri ba, kuma in ba ka ce komai ba shi za a yanko maka. Tsawon fayif kusan mita 6 ne, wani ma bai cika ba, don haka a auna shi a gabanka in kana son guda ɗaya ya ba da biyu.

Ga inda ake rage kuɗi ba tare da rage ƙarfi ba. Tsohon ƙarfe in a miƙe yake kuma tsatsa ba ta huda shi ba, bai da bambanci da sabo a wannan aiki. Ana samunsa a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Dei-Dei a Abuja, da kasuwar Katako a Yamai. Na shimfiɗa kuma, baƙin filawud ɗin da ake zuba dekin a kansa, in an ɓalle shi bayan an gama gini, masu kwangila kan sayar da shi da rahusa. Da tabon siminti a jikinsa, amma an yi shi ne don jure ruwa da nauyi. Abin da za ka ƙi shi ne MDF, wato fallen garin katako da aka matse, komai kyawunsa da arahar sa. Yana da nauyi, yana lotsawa a hankali, ruwa ya ɗiga masa sau ɗaya ya kumbura. Falle biyu za ka saya don mita 3 ta fi tsawon falle guda, ragowar kuma ta isa kanta a saman ƙofa.

Tsayin benen shi ne ake yawan gardama a kansa. Hancin ƙaramar mota bai wuce mita 1 ba, sai mutum ya ga ai zai iya sauko da benen mita 1.5 ya samu babban fili. Ka tuna za ka buɗe bonet ka duba mai da ruwa. Ka tuna wata rana yaro zai shigo da motar da baya, kuma ƙofar bayan Sienna in ta ɗaga takan kai mita 2. Ka tuna kuma Hilux tsayinta kusan mita 1.8 ne, in Allah Ya hore aka canja mota. Mita 2 zuwa 2.1 daga ƙasa shi ne kwanciyar hankali. A ɗaki mai mita 2.8, in an cire kaurin fayif da filawud, za ka tsira da santimita 60 zuwa 70, wanda ya ishi akwati da kula.

Ɗan haya da mai gida ya hana shi fasa bango shi ma bai rasa ba. A yi wa benen ƙafafu huɗu na fayif inci 2 da inci 2, a manne da bango a kusurwoyi, a sa tokari a karkace don kada ya yi rawa. Ya ƙara kuɗin fayif biyu, amma in aka haɗa shi da noti maimakon walda, ranar tashi sai a kwance a tafi da shi. Ko ga mai gidan kansa ma, na fi son a yi waldar a shago a zo a ɗaura da noti. Walda a gareji sai an fitar da mota da janareto da duk jarkar da ta taɓa ganin fetur, in babu wuta kuma kuɗin man injin mai walda a kanka yake.

Ragar rataye

Wannan ta mai dekin ce kawai. Ana huda kankaren a sa anko, wato notin nan da ke buɗewa a ciki ya kama, a ɗaura dogayen sandunan ƙarfe masu zare na milimita 10, huɗu ko shida, su riƙe firam ɗin angul da aka shimfiɗa wa ragar waya. Amfaninta shi ne tana cin tsakiyar ɗaki, saman rufin mota, inda kanta da bene ba sa kaiwa. Raga kuma ba ta tara ƙurar hunturu yadda filawud ke yi, kana tsaye a ƙasa kana ganin abin da ke sama.

Amma ina taka-tsantsan da ita. Dukkan nauyin a kan anko yake, yana jansa kai tsaye ƙasa, in guda ya saki babu gargaɗi, kuma abin da ke ƙarƙashi gilashin mota ne. Aikin yana bukatar injin huda kankare na gaske da mutumin da ya san kada zurfin hudar ya zarce santimita 6 zuwa 7, ya kuma kauce in ya ci karo da rodi maimakon ya yanke shi. Akwai bututun wayar wuta da aka binne a dekin tun ranar zubi, yawanci daga wurin ƙwan fitila zuwa bangon makunni, kada a huda a wannan layi. Lanƙwasasshen rodin nan da aka bari don fanka shi ma na fanka ne, kada a ce a rataya masa raga. Sannan duk ranar da kake son abu sai ka fitar da mota kafin ka kafa tsani. In mai dekin na son faɗin da ya wuce na kanta, akwai tsaka-tsaki da na fi yarda da shi: bayan ragar ya zauna a kan angul a jikin bango, gabanta kaɗai a rataya da sanduna biyu ko uku. Rabin nauyin ya koma bango, rawar ma ta tafi.

Ta kwali, irin su Fleximounts da SafeRacks, ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ana rubuta mata kusan kilo 270, ana iya ɗaga ta a sauke, kuma ta fi aikin mai walda kyan gani. Sai dai an yi ta ne don gidajen Amurka, inda rufin gareji katako ne jere, tsakaninsu inci 16 ko 24, sukurorin da ke cikin kwalin ma na katako ne. A ƙarƙashin silin ɗinmu babu abin da za su kama, a dekin kuma sai ka sake sayen anko. Ka haɗa da farashin dala da kuɗin dakon ƙarfe daga wata nahiya, ka ga batun araha ya tashi.

To wa zai ɗauki wanne? Mai rufin kwano da manyan kaya, bene. Mai tarkace ƙanana da aljihu ya yi ƙasa, kanta mai baraket ɗin walda, ya fara da saman ƙofa. Ɗan haya, bene mai ƙafafu. Mai dekin da ya riga ya yi bene bai ishe shi ba, shi ne zai ƙara da raga, ya ba ta marasa nauyi: tabarmi, tsani, kujeru. Tsakanin katako da ƙarfe kuwa, in ka taɓa ganin layin ƙasar gara a bangon gidan ko sau ɗaya ne, ƙarfe za ka saya. Da yake farashi ba ya kwana wuri guda, kada ka karɓi kuɗin jimla daga bakin ma'aikaci. Ya rubuta maka adadin fayif, angul, noti, falle da fenti, kuɗin hannu daban, ka zaga kasuwa da takardar.

Ko wanne ka zaɓa, akwai kayan da ba na sama ba ne. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato na haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka nesa. Tukunyar gas, jarkar fetur, batir, fenti da maganin feshi su zauna ƙasa inda iska ke shiga. Buhun masara mai kilo 100 ma ba na can ba ne: ko benen ya ɗauka, wa zai sauko da shi a kan tsani, ga ɓeraye da zai gayyato su yi kwana a kan wayoyin mota. Masu nauyi a tura su jikin bango, marasa nauyi a baki. A kafa ɗan katako ko angul mai tsayin yatsu huɗu a bakin benen don kada kula ta gangaro. Tufafi da takardu a sa su a robobi masu murfi, don jakar Gana-mas-go zafi na cinye ta, shekara biyu ka ɗaga ta ta yage a hannunka.

Kafin ka biya ma'aikaci cikon kuɗinsa, gwada aikin. Bar motar a waje. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fayif ko katakon gaba, ka rubuta a bango da fensir. Ɗora jarkoki huɗu masu lita 25 cike da ruwa, kilo 100 ke nan, ka rarraba su, su kwana. Da safe sake aunawa, ka duba kewayen kowane noti. In lotsawar ta wuce santimita 1 a tazarar mita 3, ko ka ga filasta ta tsage, ko garin siminti ya zubo a ƙasa daidai wani noti, a sauke jarkokin a ƙara gitta ko ƙafa, a sake gwadawa kafin motar ta koma ciki.